Idan Kwamfutarka Ta Nuna 100%: Bayani Ga Masu Ba Da Aron Kwamfuta Don Bincike



Tun bayan da wasu matasanmu suka fara saka manhajar BOINC a kwamfutocinsu, muka kuma saka ta a kwamfutar ofishin ƙungiya, tambaya ɗaya ke ta zuwa mini a baki da kuma a waya: me ya sa kwamfuta ke nuna 100%, fanka na ta ƙara kamar injin markaɗe? Ma'ajinmu ma ya ce idan abin zai kashe mana na'urar da muka saya da kuɗin karo-karo, gara a cire shi tun da wuri. Yana da gaskiyar damuwa, domin kuɗin jama'a ne. Don haka na ga ya dace in rubuta abin da na sani, kowa ya yanke hukunci da saninsa.

Ga wanda bai san abin ba, akwai binciken kimiyya da ke buƙatar lissafi mai yawan da kwamfuta ɗaya ba za ta iya ba. Sai masu binciken su daddatsa aikin ƙanana-ƙanana, su tura wa masu sa kai ta intanet, kowace kwamfuta ta yi nata kason ta mayar. Aikin gayya ne sak, irin wanda iyayenmu ke yi a gona. Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka ce ta fito da BOINC a 2002, ƙarƙashin David Anderson, bayan shirinsu na SETI@home da aka fara a 1999. Akwai kuma Folding@home da aka fara a Jami'ar Stanford a 2000, wanda jama'a suka yi wa ca a 2020 don binciken cutar korona.

Abin da ya ja ni ciki shi ne wasu ayyukan sun shafe mu kai tsaye. World Community Grid, wanda kamfanin IBM ya kafa a 2004, ya gudanar da binciken neman maganin zazzaɓin cizon sauro, ya kuma fara na cutar Ebola a 2014, shekarar da cutar ta shigo Legas. A 2019 ya fara Africa Rainfall Project tare da Jami'ar Delft ta ƙasar Holan, don inganta hasashen ruwan sama ga manoman Afirka. Duk wanda ke da gona a wajen Kumo ko Dukku ya san darajar sanin lokacin da damina za ta kankama. Shi kuwa David Baker, wanda ɗakin bincikensa ke da Rosetta@home, yana cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024.

Mu koma kan lambar. Idan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka ga inda aka rubuta CPU. Wannan ita ce furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Lambar da ke gabanta tana faɗa maka kaso nawa na lokacinta take cikin aiki. Idan rubutu kawai kake yi, yawanci lambar tana ƙasa sosai, domin furosesa ta fi ka sauri nesa ba kusa ba, zaman jiranka take yi. Wannan lokacin jiran shi BOINC ke ɗauka. Saboda haka ganin 100% yayin da yake aiki daidai ne, don haka aka yi shi.

To, me ya sa kwamfutar ba ta yin nauyi? Saboda an sa manhajar a sahun baya. Da zarar ka buɗe Word ko burauza, Windows zai ba su hanya, BOINC ya ja gefe ya ɗauki abin da ya rage. A tsarinsa na asali ma, idan sauran ayyukanka suka haura kashi 25 yakan dakata gaba ɗaya. Idan ka ga nauyi duk da haka, duba RAM. Kwamfuta mai RAM gigabait 4 takan cika da wuri, kuma wasu ayyukan binciken suna cin wuri da yawa.

Abu na biyu da ke rikita mutane shi ne furosesar zamani tana da hannu fiye da ɗaya, abin da masu gyara ke kira kor. Ka ɗauka shagon ɗinki ne mai tela huɗu. A Windows, 100% na nufin duk telolin suna kan keke. Idan ɗaya ne kawai ke aiki, 25% za ka gani, ko da shi ɗin ba ya ɗaga kai. BOINC yana ba kowane hannu aiki ɗaya, shi ya sa za ka iya ganin ayyuka huɗu a jere, kowanne da 25%. Masu Mac da masu duba umarnin top a Linux kuwa, kowane hannu 100% ake lissafa masa, don haka ganin 400% a wajensu ba matsala ba ce. Haka nan wata furosesar mai hannu biyu takan nuna kanta kamar mai huɗu. Dabara ce ta cike giɓin lokaci, tana ƙara sauri kaɗan, amma ba ta ninka aiki.

Abu na uku, a sashen Computing preferences akwai saiti biyu masu kama da juna. Ɗaya yana tambayar kaso nawa na hannuwan za a yi amfani da su, ɗayan kuma kaso nawa na lokaci. Idan ka sa 50 a na farko, hannu biyu cikin huɗu za su yi aiki, layin ya tsaya cak a wajen 50%. Idan a na biyu ka sa 50, duk hannuwan za su yi aiki na daƙiƙa ɗaya su huta na ɗaya, sai ka ga zanen yana hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Wani ɗan uwa ya turo mini hoton irin wannan zanen yana cewa kwamfutarsa ta kamu da bairos. Lafiyarta ƙalau, saitin da ya zaɓa ne. Ni dai na fi son na farko, domin zafin yakan tsaya wuri ɗaya, fanka ma ba ta yawan tashi da sauka.

Abin da ya kamata ya dame mu a nan Gombe shi ne zafi. Waɗanda suka rubuta manhajar ba su san rana irin ta Maris da Afrilu a Pantami ko Bolari ba, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ƙofofin iska. Furosesa idan ta kusanci digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta lalace. A nan lambar ke yaudara: tana iya ci gaba da nuna 100%, alhali aikin da ake yi ya ragu. Ka shiga sashen Performance ka duba Speed. Idan ya faɗi ƙasa da Base speed da aka rubuta a gefe alhali caja na jiki, a mafi yawan lokuta zafi ne. Ƙaramar manhaja irin Core Temp za ta nuna maka digirin. Furosesa tana kare kanta, amma batirin laftof da fanka su ne ke tsufa da wuri a cikin zafi. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko darduma tana wannan aiki.

Sai kuɗin wuta. Mu ɗauka laftof tana jan wat 40 idan tana cikakken aiki. Awa 10 a rana ya zama yunit 0.4, a wata yunit 12. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanya wa masu Band A a Afrilun 2024, naira 2,700 ke nan. Babbar kwamfutar tebur ta fi haka ci. A kan janareta kuwa, da tsadar fetur ta yanzu, ba na ba kowa shawara. Masu sola su suka fi dacewa, musamman da tsakar rana bayan batir ya cika. Ɗaukewar wuta ba ta ɓata komai sosai, domin yawancin ayyukan suna ajiye inda suka tsaya lokaci-lokaci. Sai dai kowane aiki yana da ranar da ake son a mayar da shi, don haka kada ka tara da yawa. A tuna kuma saukar da aiki da mayar da shi yana cin data.

Akwai 100% ɗin da ya kamata a ji tsoro. Wasu miyagun manhajoji suna shiga kwamfuta a ɓoye suna haƙar kuɗin kirifto da wutarka. Gwajin mai sauƙi ne: ka dakatar da BOINC ta hanyar danna Suspend. Idan lambar ta faɗo ƙasa cikin 'yan daƙiƙu, shi ne. Idan ta tsaya a sama, duba sunan abin da ke cin furosesar, ka kai wa mai gyara. Kuma kada wanda ya saka wannan manhaja a kwamfutar wurin aikinsa ko ta makaranta ba tare da izini ba. Amana ce, niyya mai kyau ba ta halatta taɓa kayan wani.

Shawarar da zan kai zamanmu na gaba game da kwamfutar ofis ita ce: rabin hannuwan kawai, daga ƙarfe 10 na safe zuwa azahar, ba a kan janareta ba, a kuma dakatar gaba ɗaya a watannin tsananin zafi har ruwa ya sauka. Za mu riƙa kai ta a hure mata ƙura bayan hunturu. Idan mambobi suka ga ko hakan ma bai dace da kuɗin ƙungiya ba, sai mu cire, mai so ya ci gaba a tasa. Wanda ke da wata lambar da bai gane ba, ya ɗauki hotonta ya zo da shi ofis mu duba tare.

Allah Ya sa mu amfanar da al'umma da ɗan abin da Ya hore mana, amin.

Sakataren ƙungiya, Gombe.