Sakan Arba'in

Sana'ata rubuta manhaja. Kimiyyar kwamfuta na karanta, kuma na kusa shekara goma ina zaune gaban allo a Kano, ina gina wa 'yan kasuwa da makarantu abin da za su riƙa lissafi da adana bayanai. Sai da na haura shekara talatin wani tsohon ƙaiƙayi ya motsa mini, na yanki fom na shiga karatun ƙarshen mako a fannin aikin jarida. A zango na biyu malaminmu ya ba mu aiki: kowa ya shirya fim na minti takwas, irin wanda ke hana mai kallo sakat. Ya ja mana kunne cewa ba ya son aljani, ba ya son jini. Tsoron ya fara daga zuciyar ɗan wasa, sannan ya tsallaka zuwa zuciyar mai kallo.

Labarin da na fara kai masa na wata mata ce a gidan bene, da wani mutum mai rufaffiyar fuska, da wuƙa tana ƙyalli a madubi. Shafi ɗaya ya karanta ya ɗago kai.

"Kai ɗan ina ne?"

Na ce, "Batsari, Malam."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini takardata. "Ɗan Batsari ne zai tafi Amurka aron tsoro?"

Na ji haushi, amma ban da amsa. Kayan aro dama ba ya rufe katara.

Ga wanda bai san yankinmu ba, Batsari da Safana maƙwabtan juna ne a yammacin Jihar Katsina, dukansu sun jingina da Dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin Zamfara. Mahaifiyata tana Batsari. Goggona, ƙanwar mahaifina, aure ya kai ta wani ƙauye a ƙasar Safana. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a dare ɗaya a ƙauyukan Tsauwa da Dankar, duk a ƙasar Batsari. Wannan shi ne wanda duniya ta ji. Waɗanda ba su kai gidan rediyo ba, kowane gida yana da nasa lissafin.

Mako biyu bayan maganar malam na je gida. Bayan sallar isha'i muna tsakar gida muna cin tuwo, ƙannena suna gardamar ƙwallo, sai aka ji ƙarar mashin daga nesa. Babu wanda ya ce a yi shiru, amma gida ya yi tsit. Na dubi Inna, hannunta ya tsaya tsakanin kwano da baki. Daga baya na gane abin da kowa yake yi: ƙirga ake. Mashin ɗaya ne ko da yawa? Yana matsowa ne ko yana nisa? Da ƙarar ta wuce ta yi gabas, Inna ta kai lomarta baki, gardamar ƙwallo ta ɗora daga inda ta tsaya. Babu wanda ya ce uffan a kan abin da ya faru. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne: ga fim ɗina.

A aji an koya mana misalin da Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila, yake bayarwa. Mutum biyu suna hira a kan tebur, bam ya tashi ba zato, mai kallo zai firgita na ɗan lokaci kaɗan, shi ke nan. Amma idan aka fara nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin tebur, aka nuna masa agogo, to ko hirar farashin tumatir suke yi zai zauna a ɗofane har ƙarshe. 'Yan ajinmu suna rubuta wannan a littafi kamar sabon ilimi. Ni na ga tsakar gidanmu ne. Mutanenmu sun daɗe da sanin abin da ke ƙarƙashin teburin, agogon ne kawai ba a nuna musu ba.

Labarin kansa kuma daga Goggo na ɗauko shi. Shekarun baya an shiga ƙauyensu da dare an tafi da mijinta. Da aka fara kiran waya ana cinikin kuɗin fansa, ta ce musu ba su da komai. Muryar ta lissafa mata buhunan geron da ke rumbu, ta gaya mata ranar da aka sayar da sa a kasuwa, har da kuɗin da aka saye shi. An haɗa abin da aka haɗa, ya dawo da rai, alhamdulillahi. Amma tambaya ɗaya ta zauna a gidan ta ƙi fita: wa ya gaya musu? Da ɗan gari akan ci gari, kowa ya san wannan. Ko a watan Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, babban dalilin da hukuma ta bayar shi ne a raba ɓarayin daji da masu kai musu rahoto, waɗanda ake kira infoma. Watannin nan sai dai in ba direban mota saƙo ya kai wa Inna.

Sai na rubuta labarin wata mata da aka ɗauke mijinta. Ba a nuna daji ba, ba a nuna bindiga ko ɗaya ba. Ɗaki ne, da ƙaramar waya mai tocila a kan tabarma, da maƙwabta masu shigowa jaje. Duk wanda ya shigo ya ce Allah ya bayyana shi, sai ta dubi bakinsa tana auna muryarsa da wadda take ji a waya. Har ta kai ba ta iya shan ruwan da aka miƙo mata.

A gidanmu muka ɗauka, da rana tsaka, domin babu mai hankalin da zai kunna manyan fitilu da dare a Batsari. Muka toshe taga da barguna muka ƙirƙiri dare. Sautin dare kuwa na gaske ne: na ɗora waya a kan katanga ta kwana tana naɗar kukan gyare da haushin karnuka, har da mashin ɗaya da ya wuce wajen ƙarfe biyu. Ƙanwata ce ta fito a matar. Maƙwabcin da zargi ya fi karkata kansa kuma na ba wani abokina tela, wanda muka yi makarantar allo tare. Mutum ne mai fara'a, da ƙyar muke samun ɗauka ɗaya bai fashe da dariya ba.

Wajen yanka da haɗa hotuna ne na ji na zama gwani. Wajen shekarar 1920 wani ɗan Rasha mai suna Lev Kuleshov ya yi wani gwaji: ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, fuskar da ba ta nuna komai, ya jera ta da kwanon miya, sannan da gawa, sannan da wata mata. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali hoton fuskar ɗaya ne bai canza ba. Na gwada da fuskar abokina. Na same shi a wata ɗauka yana jiran in ce a fara, yana kallon ƙasa kawai. Na sa ta bayan hoton rumbu, sai ga shi ya koma mai ƙirga buhunan mutane. Na sa ta bayan hoton waya tana ƙara, sai ya koma wanda ya san mai kiran. Na ƙara da wata fitowa ta sakan 40, wadda a cikin labarin tunanin matar ne kawai: yana raɓe a bayan katanga, ya kare baki da hannu, yana raɗa a waya cewa an sayar da san jiya, kuɗin suna gida. Na kalla na ce wa kaina, wannan ko malam sai ya sara mini.

Na bar kwamfutar a buɗe na tafi masallaci. Ƙanena, don ya burge abokansa, ya tura wannan fitowar zuwa wayarsa. Ita kaɗai, babu sunan fim, babu abin da ya gabace ta, babu abin da ya biyo baya. Abokinsa ya karɓa ta Xender, wani ya sa a WhatsApp. Ina Kano bayan kwana huɗu Inna ta kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kai, mi ka yi wa yaron mutane?"

An ce an kama tela a bidiyo yana ba da rahoto. Wani ya ce dama ya daɗe yana zarginsa. Wata ta ce ai daga ganin idonsa ka san ba shi da gaskiya. Idon da yake kallon ƙasa yana jiran in ce a fara. A wani wuri wannan abin dariya ne, a yi kwana biyu a manta. A yankinmu kalmar infoma tana iya raba mutum da ransa kafin a tambaye shi ba'asi. Matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu, shi kuma wani ɗan'uwansa ya fitar da shi zuwa Katsina da asuba.

A aikina, idan na saki manhaja da kuskure, ina gyarawa in tura sabuwa, gobe kowa ya wayi gari da gyararriya. Muna da wurin gwaji dabam, inda abu zai lalace ba tare da ya taɓa kowa ba. A motar da ta ɗauko ni zuwa Batsari ranar nan na yi ta laluben irin wannan dabara a kaina, babu. Abin da ya shiga wayoyin mutane zarar bunu ne.

Ni da Kawu muka je wurin mai unguwa da kwamfuta a hannu. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, wasa ne muka shirya na makaranta." Ya sa aka kira liman da shugaban 'yan sintiri da dattawa kamar goma. Ban nuna musu fim ɗin da na gama haɗawa ba, don na san shi zai ƙara tabbatar musu da zargin. Aikin da na gina shi ya yi ke nan. Ɗanyun hotunan na buɗe, waɗanda na yi niyyar gogewa. Ga tela a bayan katanga yana raɗa, sai ya manta maganarsa ya tuntsire da dariya. Ga muryata ina cewa a sake. Ga ƙanwata ta ratsa da bokiti tana ce mana mu matsa. Sau bakwai muka ɗauki fitowar, sau bakwai suka kalla. A na biyar wani dattijo ya yi dariya, sai a lokacin na ji numfashina ya dawo. Liman ya yi bayani bayan sallar magariba, ya tunatar da mutane abin da addini ya ce game da zato. Muka yanka ɗaukar da yake dariya muka tura duk zauren da muka san ta farkon ta shiga. Ba ta yi gudun ta farkon ba, ko kusa.

Kafin in koma Kano na bi ta wajen Goggo, domin labari ya riga ya kai mata. Ta ce in kunna mata. Ta kalli minti takwas ɗin ba ta motsa ba, mijinta kuwa tun a minti na biyu ya tashi ya fita.

"Wayar taku ta cika ƙara," in ji ta. "Ranar da suka kira ai da sauƙi, ka san yana da rai. Ranar da ba su kira ba ita ce ranar."

Na ce, "Haka ne, Goggo."

"Kuma ita wannan ta fim ta fi ni sa'a, mutum ɗaya take zargi. Ni har wadda ta kwana tana taya ni kuka sai da na zarga. Har yau in na gan ta kunya nake ji, ita ba ta ma sani ba." Ta gyara lulluɓinta. "Da ka tambaye ni, ɗan nan, da na gaya maka. Ba ka tambaya ba."

Wannan ta fi maganar mai unguwa zafi. Na ɗauki kwanakin da suka fi kowane ɗaci a rayuwarta na kai makaranta neman maki, ko sallama ban yi mata ba. Na zaci tunda ban ambaci suna ba, ban ɗauki komai ba.

Na sake haɗa fim ɗin kafin in miƙa. Na cire sakan 40 ɗin nan gaba ɗaya. A gurbinsu na sa matar zaune, waya a gabanta, ba ta ƙara, sai kukan gyare. Na ƙara fitowa ɗaya a ƙarshe, da izinin Goggo: maƙwabciya ta kawo kunu, matar ta daɗe tana kallon kofin, sannan ta ɗauka ta sha. Malam ya ce shirun nan shi ne mafi kyawun abin da ke cikin fim ɗin, ya tambaye ni a ina na koyo. Na ce a Safana. Ya ba ni shawarar in sa shi a YouTube, na ce a'a. Yana nan a kwamfutata, a kulle da kalmar sirri. Dabarar sa mai kallo ya zargi fuskar da ba ta yi komai ba, a aji maki ake ba ta. A garinmu an riga an iya ta ba tare da malami ba, kuma ba na son in ƙara wa kowa ƙwarewa.

Abokina ya dawo bayan mako uku, iyalinsa ma suka dawo. Wasu masu kawo masa ɗinki sun dawo, wasu har yau wani shagon suke kai wa, kuma babu wanda zai ce maka ga dalili. Na nemi gafararsa ya ce ya yafe, sai dai ya rage yawan dariyar nan tasa, ni kuma na san sanadi. Da azumi na kai masa shadda ya ɗinka mini kayan sallah. Yana gwada ni, tef a wuya, fensir a bayan kunne, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Mutumina, in za ka sake yin fim, ni liman za ka ba ni."