Ƙarfi da gudu: tsohon direban Gidan Sori da giyarsa ta biyu

A Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Runji ta jihar Maraɗi, akwai wani dattijo da ya shafe shekara arba'in da ɗoriya yana riƙe da sitiyari. Ya fara ne da karen mota a bayan wata Fijo 404 mai jigilar ƴan kasuwa, ya yi wanki da ɗaurin kaya da turi in ta kafe, har ubangidansa ya yarda ya miƙa masa makulli. Daga baya ya tara abin da Allah ya hore masa, ya sayi tasa ta kansa, Fijo 504, ɗaya daga cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Motar tana nan har yau ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidansa. Fentinta ya koɗe, amma injinta na tashi. Mai ita ne ya fara gazawa, domin gwiwarsa ta hagu, wadda ta taka kuloci sau ba adadi, ta soma ƙin lanƙwasawa.

Babban ɗansa ya yi shekaru yana ɗauko motoci daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Maraɗi, kafin a rufe iyakar Nijar da Benin a 2023. Ya tuƙa motocin zamani iri-iri, kuma wayarsa cike take da hotunan motocin tsere na Turai da Japan. Da ya ga halin da mahaifinsa ke ciki, sai ya yi abin da ɗa nagari zai yi: ya kawo masa mota mai sauya giya da kanta, wadda ba ta da kuloci, ba ta neman kome daga ƙafar hagu. Dattijo ya yi godiya, ya sa albarka, ya zaga ta sau biyu yana shafa kujerunta; amma mako uku suka wuce makullin na rataye a jikin ƙusa. Mutanen gida suka ce taurin kan tsufa ne.

Wata rana bayan la'asar, suna zaune bisa tabarma, ɗan ya so ya nuna wa uban inda duniyar mota ta kai. Ya miƙa masa wayar, ga hoton wata Porsche 718 Cayman GT4, ƙirar 2019, mai ƙarfin doki 420.

— Baba, wannan gudunta ya haura kilomita 300 a sa'a. A giya ta biyu kaɗai tana wuce 130.

— Giya nawa gare ta?

— Shida, Baba.

Dattijo ya nisa, ya mayar masa da wayar.

— To kai yaro, in ta biyu ta kai mutum can, sauran huɗun a wace hanya zai gaisa da su? Mai wannan mota ya sayi gida mai ɗaki shida, yana kwana a zaure.

Ɗan ya yi dariya, alhali kuwa uban nasa, wanda bai taɓa taka benci a lakkol ba, ya faɗi daidai abin da masu gwajin motoci a jaridun Turai suka yi ta ƙorafi a kai game da wannan mota. A Faransa, iyakar gudun da doka ta yarda da shi a manyan hanyoyi kilomita 130 ne. Ke nan mai irin wannan mota zai iya saɓa doka bai fita daga giya ta biyu ba. Sun yaba injinta, sun yaba yadda take shan kwana, amma suka ce giyarta ta yi tsawo, hannun direba ya rasa aikin yi. Su ɗin ne kuma, tun daga 1989, suke yabon Mazda MX-5, ƴar ƙaramar mota ta Japan wadda ta fara fitowa da ƙarfin doki 115 kacal, saboda giyarta gajera ce, kusa da juna: a gudun da bai firgita kowa ba, direba na jin inji ya cika murya, ya sauya, ya sake cika.

Mene ne wannan tsawo da gajarta? Asirin yana cikin ƙirgen haƙora. Idan faifan ƙarfe mai haƙori 10 yana juya wani mai haƙori 30, sai ƙaramin ya kewaya sau uku kafin babban ya kewaya sau ɗaya. Gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma ƙarfin murɗawa ya ninka sau uku. Akwatin giya ba ya ƙirƙirar kome; canji kawai yake yi, tamkar ɗan canji a kasuwar Maraɗi: abin da ya ba ka na ƙarfi, da gudu ka biya shi. Direbobi da makanikan wannan gefen iyaka sukan ce «bitesi», daga kalmar Faransanci vitesse, wadda ma'anarta gudu. Na wajen Katsina kuwa sukan ce «giya». Sunan Faransancin rabin labarin kaɗai ya faɗa, ya manta da ƙarfi, kuma wannan rabin da aka manta shi ne mutumin karkara ya fi sani.

A Fijo irin ta dattijon, mai giya huɗu, inji kan juya kusan sau 3,7 a giya ta ɗaya kafin sandar da ke kai ƙarfi baya ta juya sau guda; a ta biyu kusan sau 2,2, a ta uku kusan sau 1,4, a ta huɗu kuwa kai da kai suke tafiya. Sa'an nan akwai wasu haƙoran tsakanin tayoyin baya da ke sake rage juyin kusan sau huɗu. Idan aka haɗa lissafin, a giya ta ɗaya inji na juyawa wajen sau 14 domin taya ta kewaya sau ɗaya, a ta huɗu kuwa wajen sau huɗu. Da yake kewayen tayar ya kusa mita biyu, in inji na juyi 3000 a minti, motar na tafiyar kilomita 25 a sa'a a ta ɗaya, 43 a ta biyu, 65 a ta uku, 92 a ta huɗu, ko kusa da haka. Dattijo bai taɓa rubuta waɗannan alƙaluma ba. A kunnensa suke. Yakan kwatanta su da tafiyar doki, abin da Bagobiri ba ya buƙatar a fassara masa: akwai taƙama, akwai sassarfa, akwai sukuwa, kuma mahayin kirki ba ya neman sukuwa inda ƙasa ta ce a yi taƙama.

Ƙasar wannan yanki kuwa ba ta da sassauci. Kwaltar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Runji da Maraɗi da Agye da Gazawa ta nufi Damagaram, siririn zare ce a tsakiyar rairayi. Da zarar an sauka daga kanta domin shiga ƙauyuka, sai yashi da rani, sai laka da damina a fadamar Gulbin Maraɗi. A nan giya ta ɗaya kan ci amanar direba, domin ƙarfinta ya yi yawa: taya na kartar ƙasa, tana haƙa wa kanta rami. Ta uku kuma ba ta da numfashi, inji ya shaƙe ya mutu. Ta biyu ce abokiyar tafiya. Direban da ya san aikinsa yakan rage iskar taya, ya zaɓi giyarsa tun kafin ya shiga yashin, ya riƙe totur bai ɗaya, kuma ba ya taɓa kuloci sai ya fita. Domin a daƙiƙa gudan da ya raba inji da taya, yashi ya kama motar. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa.

Tsofaffin matan gidan suna ba da labarin wani daren damina da matarsa ta jigata da naƙudar fari, ungozoma ta ce sai an kai ta Maraɗi. Ruwa ya sauka da yamma, hanya ta zama kunu. Ya sa ta biyu tun daga bakin gari, bai sauya ba har tayoyinsa suka hau kwalta, injin na kuka, mata na salati a baya. Shi dai bai taɓa ba da wannan labari da bakinsa ba, saboda kunyar ɗan fari. Amma yaron da aka haifa a asubar nan shi ne ya kawo masa mota marar kuloci.

Kada mai karatu ya ɗauka gajeriyar giya ba ta da aibu. Dattijon da kansa yakan ce, a doguwar hanyar Damagaram, Fijo na roƙon giya ta biyar da ba ta da ita: inji na ta ruri, mai na ƙonewa, kunne na gajiya. Saboda rage shan mai da rage ƙara ne masu ƙera motoci ke tsawaita giya, kuma akwatunan zamani masu sauyawa da kansu, wasu masu giya takwas, sun fi kowane hannu sauri. Har ila yau, manyan masu ƙera motocin tsere sun san darajar giyar ƙarfi. Gasar Paris-Dakar, wadda Thierry Sabine ya ƙirƙiro a ƙarshen 1978, ta sha ratsa Nijar ta Agadas da Tenere da Yamai kafin a ɗauke ta daga Afirka a 2009. A 1986 René Metge ya lashe ta da Porsche 959. Irin wannan motar da aka sayar wa jama'a tana da giya shida, kuma ta farkonsu ba lamba aka rubuta mata ba, harafin G ne, daga kalmar Jamusanci mai nufin ƙasar da ba hanya. Ita ma 504 ɗin ba baƙuwar fage ba ce, domin da ita Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya a 1975.

Abin da dattijon ya kasa faɗa wa ɗansa a fili shi ne, daɗin tuƙi a wurinsa bai taɓa zama yawan gudu ba. Daɗin yana cikin zaɓi: ido ya karanta ƙasa, kunne ya saurari inji, ƙafa da hannu su amsa a lokaci guda, mota ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi nan take. Wannan shawara da yake yankewa sau ɗari a tafiya ɗaya ita ce sana'arsa, ita ce mutuncinsa a tasha. Motar da ta ɗauke masa ita ta hutar da gwiwarsa, amma ta mai da shi fasinja a kujerar direba.

Ranar wata Juma'a ya sauke makullin daga ƙusa, ya tuƙa sabuwar motar zuwa Tibiri ya dawo. Ya yarda tana da laushi, gwiwa kuma ba ta yi tsami ba. Sai dai duk inda hanya ta canza, ƙafarsa ta hagu na laluben abin da babu, hannunsa na dama na kai wa iska cafka. Da ya sauka ya ce, tsufa ba a jayayya da shi, zai riƙe ta.

Washegari da sassafe ya sa aka tayar da Fijo, ya miƙa wa ɗan makullinta, shi kuwa ya zauna a gefe. Suka nufi hanyar fadama. Da yashin ya bayyana daga nesa, ɗan yana ta uku, yana kallon allurar gudu.

— Ɗauke idonka daga agogon nan, ka saurara. Me ta ce maka?

Ɗan ya kasa kunne, ya taka kuloci, ya mayar da ita ta biyu tun da sauran taku ashirin.

— Haka, Baba?

— Riƙe ta nan, kada ka saki.

Motar ta shiga yashin tana gurnani, ta yi ƴar tangal-tangal, ta fita ta ɗaya gefen. Dattijo bai ce kome ba. Ya gyara zaman hularsa, ya miƙe ƙafar hagun, ya ce su ƙarasa gona su duba gero.