Kiɗan da aka yi wa itatuwan Rum, ashe hayaniyar yara ce

Ba kiɗa ne ya kai ni lambun Villa Borghese ba, gajiya ce. Tun safe muke yawo a birnin Rum da yara biyu cikin cunkoson baƙi, ƙaramar ta fara rigima, babban ya ce ƙafarsa ta ƙi. Ƙanen maigidana da ke karatu a can ya ce, "Anti, mu hau sama, akwai inuwa." Muka bi matakala daga dandalin Piazza del Popolo zuwa tudun Pincio, muka faɗa cikin lambun.

Abin da ya fara ɗauke min ido itatuwan ne. Italiyawa suna kiran su pino. Doguwar ganga ce miƙaƙƙiya, babu reshe sai can ƙololuwa, inda ganyen ya baje kamar laimar sarki. Saboda haka ƙasansu fili ne fetal: inuwa a sama, wurin gudu a ƙasa, uwa kuma tana zaune tana hango ɗanta ko ya yi nisa. Duk wadda ta taɓa neman yaro a cikin kasuwa ta san darajar wannan. Yaron da ya ce ƙafarsa ta ƙi, kafin in gyara zama har ya shiga tsere da wasu yaran da ba ya jin ko kalma ɗaya ta yarensu.

Lambun ya kai kusan hekta 80. Wani babban limamin coci, Scipione Borghese, shi ya fara gina shi a farkon shekarun 1600 don jin daɗin kansa da baƙinsa, sai a 1903 aka buɗe wa kowa da kowa. Shiga kyauta ne. Akwai ɗan tafki da ake hayar kwalekwale, akwai gidan namun daji da aka buɗe a 1911, shi dai da kuɗi.

Muna zaune ne ƙanen nawa ya miƙo min wayarsa ya ce in saurari wani abu. Kiɗa ne na babbar ƙungiyar makaɗa, babu murya, sunansa Pini di Roma, wato itatuwan pino na Rum. Ottorino Respighi ne ya tsara shi, mutumin Bologna da aka haifa a 1879, aka fara kaɗa shi a Rum a watan Disambar 1924. Kashi huɗu ne, kowanne da wurinsa a birnin, na farkon kuwa wannan lambun da muke ciki ne.

Ni a zatona kiɗan itatuwa zai zama mai sanyi, irin na lallashin jariri. Ina! Yana farawa sai ka ce an tashi 'yan firamare: ƙararrawa, busa, ƙananan sautuka suna bin juna a guje, babu mai jiran wani. Respighi da kansa ya bayyana cewa yara ne ke wasa a ƙarƙashin itatuwan, suna zagaye, suna kwaikwayon sojoji. Abin da ya fi taɓa ni shi ne inda ya samo wasu daga cikin karin: matarsa Elsa, 'yar Rum, ita ta rera masa waƙoƙin wasan da ta yi tana yarinya. Wato dai irin gaɗarsu ce ta shiga babban zauren kiɗa ta bakin mace. Kashin bai cika minti uku ba, kuma yana ƙarewa ne da wata busa mai tsini da ke ta katse wasan, ni dai a kunnena uwa ce ke kwaɗa kira a dawo gida magariba ta yi.

Sauran ukun sun bar yara. Na biyu yana gefen tsoffin kaburburan ƙarƙashin ƙasa, mai nauyi ne. Na uku dare ne a tudun Gianicolo, a ƙarshensa ake kunna faifan garmaho na kukan wani tsuntsun dare na gaske, kamar yadda shi Respighi ya umarta. Na huɗu rundunar tsohuwar Rum ce ke tahowa da asuba a kan hanyar Appia. Shi ne ya fi suna, amma gaskiya ya cika ƙara, na farkon na sake kunnawa.

Da na jingina da benci sai na ji mayafina yana mannewa. Na duba, wani abu ne mai danƙo, ga kuma baƙi-baƙi a jikin wasu rassa kamar hayaƙin murhu ya taɓa su. Duk wadda ta tashi a gidan manoma za ta tuna darɓar dawa. Kusan haka abin yake. Wani ɗan ƙwaro ne mai bayan kunkuru, asalinsa daga Arewacin Amurka, aka fara ganinsa a yankin Napoli, ya iso Rum wajen 2018. Yana tsotse ruwan itacen, ya fitar da danƙo, baƙar fumfuna ta hau kan danƙon ta rufe ganye, itacen ya kasa cin rana, ya yi ta ramewa har ya bushe. Maganin da ake yi shi ne a huda gangar a yi mata allura, kuma sai an riƙa maimaitawa, itace bayan itace. An sare da dama a sassan birnin. Dashe kuwa ba ya maye gurbi da wuri, don pino yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin laimarsa ta buɗe.

Na ga irin waɗannan gibin a lambun: kututture a ƙasa, rana ta sauko ta zauna a wurin. Na lura yaran ma kewaye shi suke yi, iyaye kuma duk mun tattaru a ɓangaren da ke da sauran inuwa.

Idan Allah ya kai ki, ki je da yamma, lokacin da aka taso makaranta. Ki riƙe gorar ruwa, akwai famfunan sha kyauta. Ki kunna kashin farko a waya, ki sa abin sauraro a kunne ɗaya kawai, ɗayan ki bar wa lambun.

Da za mu tafi, ƙaramar ta tsinto wani busasshen ɗan itacen, mai ɓawo kamar abarba, ta ce sai ta zo da shi gida. Yayanta ya ce ba a shiga jirgi da irin wannan. Suka yi ta musu har bakin tashar Flaminio, a can ta haƙura ta ajiye shi a kan dakali.