Wa Ya Raba Yaran?

A shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Tarai, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, na yi abin da na ɗauka bincike ne. A aji ɗaya na ajiye bulala, na koma yabon duk yaron da ya yi ƙoƙari. Ɗaya ajin kuwa na bar shi a kan tsohuwar al'ada. Da zangon karatu ya ƙare, 'yan ajin yabo suka fi cin jarrabawa. Cikin murna na kai wa baffana labari, manomin dawa da gyaɗa wanda bai taɓa shiga ajin boko ba. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya raba yaran?" Shi ma, in ji shi, ya taɓa shuka sabon iri a gefen fadama, tsohon kuma a jigawa, ya yi ta yabon sabon irin, alhali ƙasar ce ta yi aikin. Da na bincika, ashe ajin yabon nan an tara masa yaran da tun farko suka iya karatu.

Daga baya na fahimci cewa a kan wannan tambaya masana halayyar ɗan Adam suke rarrabe gwaje-gwajensu. Akwai gwajin ɗakin bincike, inda komai ke hannun mai bincike. A 1951, Solomon Asch a Amurka ya zaunar da mutum cikin waɗanda aka shirya su ba da amsar ƙarya game da tsawon layuka, kuma kusan uku cikin huɗu suka bi taron aƙalla sau ɗaya. Sakamakon a fili yake, sai dai ɗaki ba kasuwa ba ne.

Akwai gwajin fili, inda ake bin mutane cikin harkokinsu. A 1969, Piliavin da abokan aikinsa sun sa wani ya riƙa faɗuwa a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York. An fi saurin taimakonsa idan yana dogara sanda, fiye da idan ya yi kama da mashayi. Fasinjojin ba su san ana nazarinsu ba, nan kuma batun izini ya taso.

Akwai kuma gwajin da rayuwa ke shiryawa da kanta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu. Da jaridar Washington Post ta fallasa lamarin a 2000, masu bincike Archibong da Annan suka sami damar kwatanta kai yara rigakafi kafin labarin da bayansa, suka ga ya ragu a tsakanin iyaye mata Musulmi.

Nawa shi ne na huɗu, mai kama da gwaji: an sauya abu ɗaya, amma ba ƙuri'a ce ta raba mutanen ba. Da na kai sakamakon nan gaban malamai a matsayin hujja, da na gina gaskiya a kan toka.

Shekarar da ta biyo, sai da na nemi yardar iyaye, domin darasin Kano bai bar ni ba. Sannan na zuba sunayen yaran a hular baffa, ya riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya.