Ƙanen Marigayi

A cikin Kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15, akwai wata rumfa a layin 'yan littattafai inda wani ɗalibi yake zama ran Asabar da Lahadi domin ya taya mahaifinsa ciniki. Can da wansa ne ke zama a wurin. Shi wan nan dogo ne, mai fara'a, ga shi gwanin ƙwallon kwando, har maƙwabta sun saba da ganinsa yana rufe akwatin kuɗi da la'asar ya nufi filin wasa na Ƙofar Mata. Allah ya yi masa rasuwa a haɗarin mota. Tun daga ran nan kasuwa ta mance da sunan ƙanen. Duk wanda ya zo sayen Ahalari ko Ishmawi sai ya dube shi ya ce, "Kai ne ƙanen marigayi?"

A wannan rumfa ce, wata rana da kasuwa ta yi sanyi, ya kalli wani fim na zane daga ƙasar Japan a cikin wayarsa, mai suna The First Slam Dunk, wanda ya fito a shekarar 2022. Asalin labarin littafi ne irin wanda Japanawa ke kira manga, watau labari cikin zane-zane. Takehiko Inoue ne ya zana shi daga 1990 zuwa 1996, har ya kai juzu'i 31, sa'an nan shi da kansa ya ba da umarnin fim ɗin bayan shekara 26. Wani abin sha'awa kuwa, daga dama ake buɗe manga a yi hagu, daidai da littattafan da ke jibge a rumfar.

Mai karatu zai iya cewa ai zane aikin yara ne. Wannan kuskure ne, kuma ɗalibin adabi bai kamata ya faɗa cikinsa ba. Sa'ad da Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, Shaihu Umar ɗin dai shi ne a tsakiyar labari. Shi kuwa Inoue, da ya tashi mai da littafinsa fim, sai ya janye tauraronsa, watau Sakuragi mai jan gashi da yawan surutu, ya jawo Miyagi, wanda ya fi kowa gajarta cikin 'yan wasa biyar na makarantar Shohoku, ya ɗora masa labarin. Miyagi ɗan tsibirin Okinawa ne. Wansa Sota, wanda ya koya masa wasan, ya tafi kamun kifi a teku bai dawo ba. Daga nan duk inda yaron ya riƙe ƙwallo sai a auna shi da mamaci, a ce bai kai ba. Uwarsa ma, don tsananin baƙin ciki, ba ta iya zama ta yi masa magana sosai. Wasa ɗaya tak fim ɗin ya nuna daga farko har ƙarshe, tsakanin Shohoku da Sannoh, zakarun da Sota ya yi burin ya ka da, ana yi ana komawa baya cikin tunanin ƙanen.

Ɗalibin nan bai taɓa buga ƙwallon kwando ba, kuma ba ya sha'awar bugawa. Amma ya san nauyin nan. Ya san yadda mahaifinsa yake yin shiru in ya ga ya yi kuskuren lissafi, shirun da ya fi faɗa zafi. Ya san takalman wasa da mahaifiyarsa ta ajiye a ƙarƙashin gado, ba ta bayar ba, ba ta kuma ce ya sa ba. A wurinmu ana cewa ƙane ya gaji wansa, ana yi masa addu'ar Allah ya sa ya maye gurbi, alhali ba safai ake tambayarsa ko gurbin ya yi masa daidai ba.

Yana cikin kallo bai ankara ba ashe tsohon ya dawo daga masallaci yana tsaye a bayansa. Ya yi sauri zai kashe wayar, sai uban ya ce, "Bar shi." Daidai lokacin an kai daƙiƙun ƙarshe na wasan, inda Inoue ya ɗauke kiɗa da hayaniya duka, sai gudu kawai da ƙwallo a sama. Shohoku ta ci da maki 79 da 78. Yaron ya ba shi labarin Miyagi da wansa a taƙaice, kansa a sunkuye.

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. Can sai ya ce, "Uwar yaron fa, ta zo kallo?"

"Ta zo, Baba, amma ba ta gaya masa ba."

Bai ƙara cewa kome ba. Da aka yi kiran magariba ya miƙe, ya kira ɗan da sunansa na yanka, ya ce ya shigar da littattafan waje, ya kuma miƙa masa mabuɗin rumfar.