Yadda Ake Cewa "Albarka" da Turanci

A kasuwar Dawanau, idan mai saye ya taya buhun riɗi da kuɗin da bai kai ba, mai kaya ba ya cewa a'a. "Albarka" yake cewa. Kalmar addu'a ce aka ɗora mata aikin ƙi, kuma yaron da ya yi wata guda a rumfa ya san abin da take nufi: tayin bai yi ba, amma ƙofa a buɗe take. Ya kuma san cewa "na sallama" ta yanke magana, babu komawa baya sai da zubar da mutunci. Ciniki yana da nasa harshe a cikin kowane harshe, kuma zama a kasuwa ne yake koyar da shi.

Riɗin nan kuwa tafiyarsa ba a Dawanau take ƙarewa ba. Ana gyara shi, a yi masa tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas, daga nan ya nufi Japan ko Turkiyya ko Sin. Zoɓon da ake tarowa daga Jigawa da Kano yawanci Meziko yake zuwa, inda su ma jiƙa shi suke yi su sha. A wannan zango na biyu riba mai tsoka take, kuma a nan ne magana take komawa Turanci. Sai ka ga Alhajin da ya shekara 30 yana juya miliyoyi ya zama ɗan koyo, ya ɗauko ɗan ƙanensa mai digiri ya yi masa tafinta. Yaron ya san nahawu, Alhaji ya san ciniki, amma abin da ake buƙata yana tsakaninsu, babu wanda ya riƙe shi.

Abin da ake buƙatar bai da yawa, sai dai kowace kalma a cikinsa kuɗi ce. Tun 1936 Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Paris take fitar da ƙa'idojin da ake kira Incoterms, kuma bugun 2020 yana da guda 11, kowanne haruffa uku. Wanda ya ba da farashi a kan FOB Legas ya ɗauki nauyin kuɗin mota daga Kano, da takardun fitar da kaya, da hidimar tasha, har kaya su hau jirgi. Idan farashin bakin sito ne a ransa lokacin da ya furta haruffan nan, to ya sayar da ribarsa tun kafin a ɗaure buhu. Ɗan Kantin Kwari da ke sayo yadi daga Guangzhou shi kuma CIF ce take yaudararsa. Ya ji an ce mai sayarwa ne zai biya kuɗin jirgi da inshora har Legas, sai ya ɗauka kayan suna wuyan mai sayarwa har su iso. Alhali daga lokacin da aka loda su a jirgi asarar duk abin da ya same su tasa ce, kuma inshorar da ƙa'idar ta wajabta mafi ƙanƙanta ce.

Takardar lamunin banki ta fi wannan tsauri, domin banki takardu yake dubawa, ba ya zuwa ya ga riɗi. A ƙa'idojin UCP 600, waɗanda aka fara aiki da su a 2007, kalmar "about" idan ta zo gaban adadi tana ba da damar ƙari ko ragi na kashi 10 cikin 100. "On or about" a gaban kwanan wata tana nufin kwana biyar kafinsa zuwa kwana biyar bayansa. Idan takardar ba ta faɗi wani wa'adi ba, kwana 21 ne bayan loda kaya za a gabatar da takardu. A aji, malami zai ce "about" ma'anarta "kimanin", ya wuce. Ko kalmar "ton" ma ba ɗaya ba ce: tan ɗin da aka saba da shi kilo 1,000 ne, na Amurka kuwa kilo 907. Haka rubuta 03/04: mutumin Landan ya ga 3 ga Afrilu, mutumin New York ya ga 4 ga Maris.

Akwai wata tsohuwar shari'a da ya kamata duk mai shirin taya kaya da Turanci ya ji labarinta. A Ingila, a 1840, wani mai suna Wrench ya sa wa gonarsa kuɗi fam 1,000. Hyde ya taya 950. Wrench ya ƙi. Hyde ya dawo ya ce to, ya amince da 1,000 ɗin. Kotu ta ce babu ciniki, domin tayin 950 ya kashe farashin farko. A kasuwar Kurmi wannan hukunci zai ba da mamaki: mutum yana iya tayawa, a ce albarka, ya zaga ya dawo ya ce "kawo", kuma da wuya a hana shi. Dokar kwantiragi ta Nijeriya kuwa daga ta Ingila aka gado ta. Bayan shekara 40, a wata shari'a kan cinikin ƙarfe, kotu ta bambanta tayi da tambaya: wanda ya tambaya ko za a sassauta masa bai kashe farashin da aka ba shi ba. Ke nan tsakanin "We offer" da "Would you consider" akwai tazarar da ta wuce ladabi. Ta farko tana iya rushe abin da ke hannu, ta biyu tana taɓa ruwa ne kawai a ji zurfinsa.

Daga nan sai batun gane ƙi idan ya zo a lulluɓe. Turancin ciniki yana da nasa "albarka", kuma yana da su da yawa. Idan Baturen Ingila ya ce abu "might be difficult", galibi ya ƙi ne. "We will get back to you" wani lokaci alkawari ce, wani lokaci sallama. "Subject to contract" a saman wasiƙa tana nufin duk abin da ke ƙasa bai ɗaure kowa ba tukuna. Bahaushe ya fi kowa cancantar gane wannan salo, tun da shi ma da kara yake ƙin abu. Matsalar ita ce tasa karar ba ta ƙetare teku yadda take. "Ba komai" da "ba matsala", waɗanda a gida kan nufi "na ji, za mu duba", idan suka koma "no problem" sai abokin ciniki ya rubuta su a matsayin alkawari. "Ina zuwa" da aka mayar "I am coming" ta sa baƙi da yawa zaman jiran wanda ya riga ya fita.

Ba yau Hausawa suka fara ciniki da wanda ba su haɗa harshe ba. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, Hausa ce ma harshen kasuwa a zango-zango, kuma amana tana tafiya ne ta hannun fatoma, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a kan bashi. Mai saye a Osaka ba shi da fatoma a Kano. Abin da yake da shi wasiƙun imel ne, daga cikinsu yake auna mutum. A nan wani abin takaici yake shigowa. Salon wasiƙa mai yawan kirari da roƙo, wanda makarantu suka daɗe suna koyarwa a matsayin ladabi, shi ne salon da 'yan damfarar 419 suka yi wa tambari a duniya. Ɗan kasuwa mai gaskiya zai buɗe da sakin layi biyu na gaisuwa da neman alfarma, a can kuwa an goge wasiƙar tun kafin a kai ga riɗin. Wadda ake amsawa gajeriya ce: ga kaya, ga yawansu, ga tsabtarsu da laimarsu, ga tashar lodi, ga lambar rajistar kamfani, ana iya aiko da samfur.

Gaisuwa tana da gurbinta, amma sai a hankali. Tambayar lafiyar iyali, wadda rashin yin ta abin kunya ne a Kano, tana iya zama kutse ga Bajamushen da aka haɗu da shi jiya, alhali Baturke ko Balaraben Dubai zai ji daɗinta. Yawancin masu cinikin nan ma Turancin aro suke yi kamar kowa. A baje kolin Canton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, gajeriyar jimla da na'urar lissafi sun fi ƙwarewar lafazi amfani, kuma wanda ya cika karin maganar Turawa shi ne ba a fahimta.

Jimlar da ta fi wuyar fita daga bakin ɗan kasuwarmu ba ta da wata kalma mai wuya: kaya za su makara da kwana goma. Kunya takan sa ya yi shiru, yana fatan mota za ta iso Apapa kafin a tambaya. Mai saye kuwa yana da masana'anta da ke jira, yana da banki da ke ƙirga kwanaki. Idan an gaya masa da wuri, zai iya neman a ƙara wa'adin takardar lamuni. Idan ya gano da kansa, ya daina sayen kayan mutumin, ko da farashinsa ya fi na kowa sauƙi.

Shi ya sa masu fitar da kaya da suka daɗe a harkar ba sa tura yaransu haddar ƙamus. Tsofaffin kwantiragi suke ba su su karanta sashe-sashe, su faɗi da Hausa wa zai biya me, kuma asara ta hau kan wa. Suna kuma koya musu cewa duk maganar da aka yi ta waya, kafin a kwana a aika da rubutaccen saƙo mai layi huɗu ko biyar: farashi, adadi, tasha, ranar lodi da sunan watan a rubuce, sannan a nemi ɗaya ɓangaren ya tabbatar.