Daga Zariya zuwa Filinge

Tsofaffin ƙasar Kurfai na tune da shekarun da bazara kan zo da sanƙarau: wuyan yaro ya sandare, kwana biyu a kai shi makwanci. Kaɗan ne suka san Brian Greenwood, likita ɗan Ingila masanin garkuwar jiki, wanda ya zauna Zariya daga 1970 zuwa 1980 yana nazarin cutar. Rubuce-rubucensa na cikin harsashin da aka ɗora allurar MenAfriVac a kai. A Nijar, Filinge ta fara karɓarta, cikin Satumba 2010, kuma sanƙarau nau'in A ya kusan ɓacewa. Jami'o'i kan auna masani da yawan takardunsa. Uwa a Kurfai nata awon daban ne: ɗanta ya ga damina.